Ƙullin Cikin Kwalla

Hansatu mai saiwa ta Unguwar Gai mace ce mai zargin tsiya, ko gaisuwa ka tsawaita sai ta ce da wata a ƙasa. Shekara ashirin tana haƙo saiwa a daji saboda ɗanta tilo, Munzali, mai farfaɗiya. Sunan itacen ma ba ta faɗa, wai in an ambata maganin ya karye. Ita ke jiƙawa, ita ke tacewa, ta tsaya a kansa har ya shanye. Duk da haka wata ba ya ƙarewa bai faɗi ba.

Da ya auro Ramlatu daga Yalwa, sai faɗuwar ta ɗauke, wata bakwai cur. Hansatu ta riƙa gaya wa mata a gidan suna cewa saiwa ce ta bi jiki. Amma fa idonta na kan matar ɗan nata. Kullum da safe sai Ramlatu ta ja shi ɗaki da kofin ruwa ta saki labule. Ga shi har yau ba ciki. Ruwa ba ya tsami banza, in ji tsohuwa.

Ranar da Ramlatu ta tafi barka Kibiya, Hansatu ta faɗa ɗakin tana buɗe kwalla ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙasa ta tarar da ƙullin leda, fararen ƙwayoyi da rubutun boko da ba ta iya karantawa. Ranta ya ɓaci. Wato maganin hana haihuwa ake ɗura wa ɗanta a cikin gidanta. Ta juye su a masai, ta mayar da kwalla yadda take.

Kwana uku Ramlatu tana birkita ɗaki, Hansatu tana tsinkar zogale tana kallonta ta gefen ido. Rana ta huɗu aka shigo da Munzali daga gona a amalanke, harshe a cije, goshi a fashe.

"Inna, ƙwayarsa ta asibiti ce ta ɓace," Ramlatu ta ce tana kuka. "Likita ya ce kada ya tsallake ko da rana ɗaya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce in kika ji ba saiwarki ce ta yi aikin ba, baƙin ciki zai kwantar da ke."

Kunya da tausayi suka rufe Hansatu. Ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta, tana goge jinin da bakin zanenta.

"Daina nema, Ramlatu," ta ce. "Ni na zubar."