Rumfar Shugaban 'Yan Doya a Gwada

Mun tashi da asuba daga Shango, cikin Minna, mu huɗu, kowa da jakarsa cike da takardun tambayoyi. Dukanmu ɗaliban sashen kasuwanci ne, muna ɗaukar kwas ɗin dabarun bincike, kuma aikin da aka ba rukuninmu shi ne mu gano dalilin da ya sa manoman doya ke sayar da amfaninsu da zarar sun haƙa, maimakon su adana har ta yi daraja. Malaminmu ya riga ya dawo mana da aikin sau ɗaya. Ya ce abin da muka rubuta zato ne, ba bincike ba.

Mu uku za mu iya jure maimaita kwas ɗin, amma babbarmu, wadda muke kira Anti, ba za ta iya ba. Ma'aikaciyar gwamnati ce, hutun ƙaro ilimin da aka ba ta zai ƙare a wannan zangon, kuma an faɗa mata ba za a ƙara ba. In aikin ya sake faɗuwa, za ta koma ofis ba tare da digirin ba.

Kuɗin mota ya ƙaru a kan abin da aka faɗa mana, direban kuma ya ɗora laifin a kan fetur kafin ma a tambaye shi. Bayan mun wuce Maitumbi gari ya waye. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuwa sai mota ta sauka gefe ta bi sawun babura. Kunyoyin doya sun jeru dama da hagu. Mun riƙa wuce matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa, suna tafiya da saurin da ya sa na ji kunyar ƙorafin da nake yi kan matsin kujera.

Ranar kasuwa ce a Gwada. Doya jibge ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya ɗari, manyan motoci na jiran lodi zuwa kudu, dillalai na ta kai da komowa. Mun yi abin da ya kamata baƙo ya yi, muka fara zuwa gaida shugaban 'yan doya. Dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo benci cikin rumfarsa, aka ajiye mana soyayyar doya da yaji da kunun zaƙi.

"'Ya'yana, ku zauna ku huta," in ji shi. "Baƙona ba ya yawo a rana. Duk wanda kuke so, nan zai zo ya same ku."

Haka kuwa aka yi. Ya riƙa aikawa, manyan 'yan kasuwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su tsuguna su gaishe shi, sannan su juyo gare mu. Muka yi ta cikewa. Kowa ya ce manomi na sayarwa da wuri ne domin farashin kasuwar nan mai kyau ne, ba a cutar kowa. Kowa kuma sai ya yabi daɗin doyar dattijon. Na lura cewa kafin kowannensu ya amsa, sai ya dubi fuskar dattijon. Na kuma lura cewa babu ko ɗaya a cikinsu da ke noma.

Anti tana ta murna, ganin takardu na cika, amsoshi kuma sun yi daidai da juna. Na matsa kusa na tuna mata abin da malam ya sha faɗa a aji, cewa in amsoshi suka zo iri ɗaya, a fara tambayar wanda ya zaɓo masu amsawa. Ta dubi takardun, ta dubi kwanon doyar da muka kusa cinyewa. Matsalar a fili take. Mun ci abincin mutum, muna zaune a inuwarsa, tashi mu ce za mu nemi wasu tamkar cewa muka yi ba mu yarda da mutanensa ba. Rana kuma tana ɗagawa, manoman da suka sayar sun fara kama hanyar gida.

Ita ce ta daure ta yi maganar. Ta gyara ɗankwali, ta rusuna.

"Baba, mun gode ƙwarai. Sai dai malaminmu mutum ne mai tsauri. Ya ce dole mu tambayi mutanen da ba wanda ya zaɓa mana, har da waɗanda ba ka sani ba."

Dattijon ya dube ta, sannan ya fashe da dariya. "Madam, a kasuwar nan akwai wanda ban sani ba? To, ku je ku nemo shi. In kun same shi ku kawo mini mu gaisa."

Muka koma bakin kasuwa, inda manoma ke fita. Muka bi dokar da muka koya a aji: kowane mutum na biyar za mu tsayar, namiji ko mace, ko ya yi mana kama da mai magana ko bai yi ba. Wasu suka ƙi tsayawa, muka rubuta cewa sun ƙi. Waɗanda suka tsaya kuwa, kowa da nasa. Wani ya ce ɓeraye, wani ya ce ba shi da rumbu, wani ya ce ba ya barin doya a ƙauye yanzu domin bai san ranar da 'yan bindiga za su sa su gudu ba. Wata mata ta sauke kwandonta ta ce da Anti da 'yar Hausarta, "Yaro na biyu yana makaranta. Doya ba ya jira, makaranta ma ba ya jira." Kafin la'asar takardunmu sun yi datti da gumi da jar ƙasa, amsoshin kuma sun ƙi jeruwa.

Mun koma mun yi wa dattijon sallama. Ya tambayi ko mun samo baƙon nasa, ya kuma sa aka saka mana doya a mota. Mun shigo Minna ana kiran magariba, Anti ta rungume jakarta duk tsawon hanya.

A satin da ya biyo muka gabatar da aikin, ba mu ɓoye takardun rumfa ba. Malam ya ware su gefe, ya daɗe yana karanta na bakin kasuwa, sannan ya ce mu ƙara shafi guda mu bayyana yadda aka yi kashin farko ya fito haka. Ya sa hannu. Anti za ta gama tare da mu.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, kafin a tsara tambaya, a fara tunanin wanda za a tambaya da wanda ke zaune kusa da shi. Doyar dattijon kuwa Anti ta daka mana sakwara da ita, ta yi daɗi, kamar yadda mutanensa suka faɗa.