Dadda Bihi, Mai Zama Gefen Direba

Kafin masu lemo su gama jera kaya a gindin ganuwar garin Tarudant, Dadda Bihi ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Zai share ƙasa, ya ɗora shayi, ya tsoma burodi a man argan, man 'ya'yan wata bishiya ta yankinmu, sannan ya ɗauko ɗan ƙwan fitilarsa mai waya biyu ya dangwala a batir ya ga ko ya kama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran wayoyin mota, kullum haka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon saboda ido ya fara ƙi. Na san babu mai shirya masa taro, shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji da kunnensa.

Kada a ce na ɓoye, mutumin nan yana da wuyar sha'ani. Ka ce masa kana sauri, sai ya ƙara wa butarsa na'ana'a. Ba ya yarda da launin waya ko kaɗan. "Motocinmu hannu goma sun taɓa su," in ji shi, "kowa ya ɗaura abin da ya tsinta." Sai ya bi kowace waya da fitilarsa daga kai har gindi. Direban motar asibitin haihuwa ya shaida cewa shi ya gano inda wuta ke ɓacewa, bayan masu gyara uku sun ce a jefar da motar. Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na akori-kurar Idir.

Idir direba ne daga wani ƙauye a kan dutse. Shi ke sauko da 'ya'yan itacen da ake ce wa gyaɗar dutse da awaki da marasa lafiya ta gangaren dutsen Tizi, ya koma da gari da iskar gas. Bara ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, aka yanke. Ba ƙafa, ba taka kuloci. Lahsan, yayan matarsa, ya ce a sayar da motar kawai, Idir ya zauna gida ya huta. Idir ya yi ta roƙo har Lahsan ya yarda da gwaji ɗaya tak. Za a sa wani inji da giya mai canza kanta, in ta yi aiki shi ke nan, in ta ƙi a kai motar kasuwa.

Makaniki ya ɗora inji da giyabos, amma giyar nan ba ta san komai ba sai an haɗa mata wani ɗan akwati da aka sayo daban, wanda zai riƙa gaya mata lokacin hawa da sauka. Kwana huɗu Dadda Bihi yana kwance ƙarƙashin motar. Waya ɗaya daga totur tana sanar da akwatin yadda aka taka, wata tana kawo labarin gudun mota, wata daga batir ta bi ta fis, wata kuma aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen motar don wuta ta samu hanyar komawa. Idir yana zaune kan tsohuwar taya, sandarsa a cinya, ya kasa ko shan shayi.

"Dadda, za ta yi kuwa?"

"Ka tambayi motar mana, ni ma ita nake tambaya."

Aka ɗaga ta a jak, giya ta shiga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sumul. Idir ya miƙo hannu zai karɓi makulli, tsoho ya buge hannun. Dokarsa ce, motar dutse ba ta barin hannunsa sai an loda mata buhunan yashi an sauko gangaren Tizi yana zaune gefen direba. Aka sa ranar Asabar.

Kai ne, Dadda, mai hana mutum makullin motarsa don ya daɗe a duniya. An zage ka a kan haka ba sau ɗaya ba, ko a jikinka.

To, mutanen dutse ba sa mayar da mota mai sabon inji gida da tsohon fenti, abin kunya ne a wurinsu. Ranar Juma'a, shago a rufe, Lahsan da kansa ya zo da gwangwani ya shafe ta shuɗi fes, ciki da waje, har ƙarƙashi. Duk faɗan da yake yi, ashe yana so a yi nasara.

Asabar suka hau lafiya, Idir har da waƙa. Da suka juyo gangara ya sa giya ta biyu don inji ya riƙe nauyi. Sun sha kwanar farko, sun sha ta biyu, sai motar ta yi wani ƙugi ta saki, ta fara gudu da kanta. Idir ya taka birki, ya sake takawa. Warin ƙuna ya cika motar. A dama dutse, a hagu rami wanda awakin da ke ƙasansa suka koma kamar ƙwayar shinkafa. Dadda Bihi da bakinsa ya gaya mini, ya ce bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A hankali, ɗana. Ga fili can, shiga."

Da ƙyar suka tsaya. Idir ya kifa kai a sitiyari.

"Innalillahi! Ni ne, Dadda. Lahsan ya yi gaskiya, na ƙare. A sayar da ita."

"Rufe mini baki, ka hana ni ji."

Tsoho ya shige ƙarƙashi da fitilarsa, ya san in laifin giyar ne babu sauran magana. Wuta tana zuwa akwatin, amma ba ta komawa yadda ya kamata. Ya lalubi notin nan, waya tana nan daram, tsaf da ita, babu ko ɗigon fenti. Nan jikinsa ya ba shi. Ya kwance notin, sai ga shuɗi a ƙarƙashi. Bawan Allah Lahsan, don girmama aikin Dadda kada ya ɓata masa waya, sai ya cire ta, ya shafa fenti mai kauri, ya mayar da ita a kai. Girgizar hanya ta ƙarasa raba ta da ƙarfe.

"Surukinka ya so ya kashe mu da ladabi," in ji Dadda Bihi. Ya kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya ƙara wata waya kai tsaye zuwa batir. Suka jira birki ya huce.

Idir ya miƙa masa makulli. "Ka ƙarasa da mu. Wallahi hannuna ba zai iya ba."

"Haba, Idir! Ka taɓa ganina a bayan sitiyari? Ni ban iya tuƙi ba, ban taɓa koya ba. Ko ka sauke mu, ko mu kwana a nan da awaki."

Sai yanzu Idir ya gane cewa tsohon nan ya hau dutse ne ya san babu mai sauko da shi sai mutum mai ƙafa ɗaya. Ya share ido, ya yi bismillah, ya murɗa makulli. Giya ta biyu ta kama, ta riƙe har gindin dutse.

Kai ne, Dadda Bihi, ka sa ranka a kujerar gefe shekara arba'in da ɗaya, ba tare da ko birki a ƙafarka ba, don kada ka ba wani aikin da kai ba za ka hau ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, kafin ku ce wa mutum an gama, ku tambayi kanku ko za ku shiga ku zauna a gefensa.

Idir yana nan yana saukowa duk Talata da Asabar, shi kaɗai yake tuƙa motarsa.