Gatarin da na wanke wa shekarunsa

Shekarun baya, zamanin da wayar salula ta fara yawa a Jos, na sa a haƙa mini rijiya a gidana da ke Dutse Uku. An yi zurfin kamar gaba uku sai mai haƙar ya turo guga da wani dunƙulen ƙarfe, duk tsatsa, ga gawayi da fasassun tukwane a cikin ƙasar. Ruwan gatari ne, amma ko kakana da ya ƙare rayuwarsa a ramin kuza bai taɓa riƙe irinsa ba.

Abokina malamin makaranta ya jujjuya shi, ya ce, "Mutumina, wannan aikin mutanen can can baya ne, masu narka tama tun ba a san akwai Bature a duniya ba. Kai shi gidan tarihi. A gilashi za su sa shi, da sunanka a ƙasa."

Sunana a gilashi! Kafin la'asar rabin Jos ta ji, har surukaina na gayyata kallo.

Sai dai na ga ba mutunci ba ne in kai wa manya abu da datti. Na sa aka kwashe ƙasar da gawayin zuwa bola. Na kai wa maƙeri gatarin, na ce, "Sarkin ƙira, gyara shi kamar kayan lefe." Ya kankare, ya sa a wuta, ya bubbuge, ya wasa, ya sa sabuwar ƙota. Har gemuna na duba a jikinsa.

Da na kai, jami'in gidan tarihi ya saurare ni tsaf, ya dubi gatarin, ya cire tabarau.

"Oga, ina ƙasar? Ina gawayin?"

"Ai na tsabtace muku, ranka ya daɗe."

"Gawayin ne zai faɗa mana shekarunsa. Ƙirar kuma ita ce shaidarsa, kun buge ta. Yanzu da shi da na kasuwa, wa zai bambanta?"

Na ce, "To, batun sunan nawa fa?"

Ya turo mini littafin baƙi. "Rubuta nan."

Na rubuta, har da sa hannu.

Yanzu abin ba ya min zafi. Lissafi kawai nake yi: wani maƙeri ya ƙera abinsa, ƙasa ta riƙe amana shekarun da Allah kaɗai ya sani, ni kuma na gama da shi a yini guda, da kyakkyawar niyya. Tun daga ranar, in tsohon abu ya faɗo hannuna, tambaya nake fara yi kafin in nemi soso.