Shuɗiyar Rigar Baba Fenti

Duk bangon da ka ga yana sheƙi a unguwar nan, aikin Baba Fenti ne. Mutum ne mai zafin nama, ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa kuwa Allah ya yi ta da sanyin hali. Ita ce ta tara matan layi da 'yan fansho, suke shiga filin bayan kwalbati duk ranar hutu don tuge wata baƙuwar ciyawa mai ƙaya da ta cinye wurin. 'Yar-naci suke kiranta, don in ka sare ta yau, jibi za ta dawo da ƙannenta.

Da hannu suke aikin, a durƙushe, har saiwa. Inda suka share, sai ta dasa 'yan itatuwan da ta rena a cikin tsofaffin gwangwanayen fentinsa: kanya, tsamiya, aduwa, irin waɗanda ta ce suna wurin tun kafin a gina gidajen.

"Ke da 'yan ƙungiyarki, sai jikokinku sun yi furfura kafin ku gama," yakan ce mata.

"To, zo ka gani mana, Maigida."

"In na samu sarari."

Bai samu sararin ba har ta rasu a tsakiyar damina, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da aka share makoki gidan ya yi masa faɗi, zama ya gagare shi. Sai ya ƙudura zai ƙarasa mata aikinta, kuma da sauri, yadda ya saba. Bai shawarci kowa ba, shi da ma ba ya shawara. Ya sayo maganin kashe ciyawa, ya cika injin feshi, ya nufi filin ranar da babu kowa.

Tun rasuwar ba a taɓa wurin ba, 'yar-naci ta sake rufe ko'ina har ƙugu. Nan da can ya riƙa hango 'yan tsummokara shuɗɗa a cikin ganye, ya ɗauka iska ce ta kwaso su daga bola. Kafin rana ta take ya feshe filin kaf. Ya koma gida zuciyarsa wasai, abin da ya daɗe bai ji ba.

Ranar hutu 'yan ƙungiya suka tarar da fili ya bushe ƙayau, shi kuma yana tsaye yana jiran yabo. Ƙanwar matarsa, wadda ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba, yau ko murmushi ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta ture busasshiyar ciyawa, sai ga wani ɗan icce iya gwiwa, ganyensa ya ƙone, da ƙyalle ɗaure a jikinsa.

"Yaya, ka san wannan ƙyallen?"

Ya sani. Tsohuwar rigar aikinsa ce, har da ɗigon farin fenti. Ya taɓa nemanta ya rasa, ya yi ta faɗa a tsakar gida, matar tana dariya.

"Duk iccen da matarka ta dasa sai ta ɗaura masa, don kada mu tuge shi bisa kuskure. Ta ce rigarka ta fi ɗaukar ido."

Mutumin da bai taɓa fesa bangon wani ba sai ya rufe tagogi da makunnin wuta da takarda, shi ne bai sunkuya ya duba abin da ke ƙarƙashin ciyawa ba. Wannan ne yake cinsa har gobe. Aka jira wata damina, ko ɗaya bai tofo ba.

Yanzu ba ya fashin ranar hutu, kuma duk ƙungiyar babu mai nawarsa. A durƙushe yake aiki, kowane ganye sai ya tambayi sunansa kafin ya tuge. An dasa sababbi, suna kamawa. Amma busassun sandunan nan masu ƙyalle ya hana kowa taɓa su. In sabon zuwa ya kai hannu, sai ya tare shi.

"Bar su," yakan ce. "Su aka ce in zo in gani."