Kujerar Gaba ta Doña Eulogia

Matso kusa ka zauna, in nuna maka wata tsohuwa a tashar motar Quibdó. 'Yar gajeruwa ce, sanye da baƙaƙen kaya kamar sauran matan da suka cika bas ɗin, sai dai ita ta soka fure rawaya a furfurarta, ta kuma rangaɗa jan-baki. Doña Eulogia suke kiranta. Za su wani ƙauye ne da 'yan bindiga suka tare wa hanya, don matan can su san ba a manta da su ba.

Direba kuwa ya ƙi tayar da mota, sai goge madubi yake yi.

"Kaka, akwai shinge a gaba fa. Ina da 'ya'ya."

"Ni ma ina da su, Wilfrido, har da masu furfura. Miƙo hannu in hau."

A irin wannan tafiya, wadda ta fi tsufa ke zama a gaba, don fuskarta mai bindiga zai fara gani. Ga ta tana hawa da ƙyar, tana tsine wa gwiwarta, kwandon soyayyiyar ayaba a hammata. Yadda ta san inda za ta dafa, da alama ta daɗe da gādon kujerar nan.

Direba ya ce, "In sun tsayar da mu fa?"

"Sai in tambaye su ko sun karya. Yaran nan kullum da yunwa suke."

Mota ta kaure da shewa. Wilfrido ya girgiza kai, ya murɗa makulli.

To kai, da kai ne direban, da wane baki za ka ce mata ta sauka?