Gadin Balan-balan a Bakin Tanki

Da ɗan ƙanena, makaniki a Azare, ya gama tankin man ƙaramin jirgin saman da yake ƙerawa, sai ya hura masa iska, ya ɗaura balan-balan a bakinsa. Ya ce, "Baffa, in ta sace, tankin na yoyo, sai na farke shi na sake." Ni mai ilimin aji huɗu aka naɗa mai gadinta.

Da sassafe na tarar ta yi yaushi, har na fara shirya masa jaje. Rana na ɗagawa ta sake kumbura. Ashe sanyi ta ji, kamar gwiwoyina. Muka ɗaura tankin cikin fiffike. Tun ranar, wanda bai kira ni Injiniya ba, sai ya maimaita sallama.