Ranar da Hodi Ya Saɓa Sakatare a Kafaɗa

Maƙwabcinmu Hodi ɗan dako ne, shekara ashirin da bakwai yana lodin shinkafa da albasa a Argungu, har wuyansa ya shige cikin kafaɗu kamar na kunkuru. Bai san bihim ba a boko, amma shi ne ciyaman na reshen ƙungiyar masu lodi. Rajistarsa a kansa take. Ya san wanda ya yi lodi jiya, ya san wanda layi ya zo kansa yau, ya san mai ciwon baya da za a ba shi buhunan dusa. Matarsa Sakinatu takan ce ya fi sanin sunan leburori da na 'ya'yansa.

Bara da kaka takarda ta zo daga uwar ƙungiya a Birnin Kebbi. Duk reshen da bai kai mutum sittin ba, za a rushe shi a haɗe da na birni. In aka yi haka, wanda bai taɓa ganin tashar Argungu ba shi zai riƙa tsara wa mutanen Hodi layin lodi. Ran Laraba sakataren jiha zai zo ya ƙirga kawuna, kowa da katinsa, kafin la'asar.

Hodi ya yi dariya, don mutanensa sittin da takwas ne. Ran Talata sai dariyar ta ƙare. Rediyo ya ce an sako ruwan dam, gulbi zai cika fadama cikin kwana ɗaya. To, ɗan dakon Argungu manomi ne da ya ari gammo. Kowa na da 'yar gonar shinkafarsa, ga ta ta nuna.

Laraba da hantsi sakatare Irimiya ya sauka a tasha, da takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Ya tarar da Hodi, da mataimakinsa Tamba, da benci tara babu kowa.

"Ciyaman, ina jama'arka?"

"Suna tafe, ranka shi daɗe."

Tamba ya sunkuya ya raɗa masa, "Tafe ina? Kowa na fadama da lauje. Kai ma taka gonar ce a gaba-gaba, ita ruwa za ya fara ci."

"Rufe min baki, ɗan nema."

Azahar ta yi, mutum huɗu suka ƙaru, biyu daga ciki tsofaffi ne da ba su da gona. Irimiya ya duba agogo, ya buɗe biro.

"Ni ba mugu ba ne, Ciyaman. Abin da idona ya gani shi zan rubuta. Shida na gani."

Gumi ya karyo wa Hodi. Ya ce, "Yallaɓai, takardar ga taku, ta ce sai kan benci za a ƙirga mutum?"

Irimiya ya karanta sau biyu. "Ta ce inda 'yan ƙungiya suka taru."

"Madalla. Tamba, hau mashin. Ka ce ciyaman ya kira gayya, kowa shi bar gona tai a taru gonar Munzali, shi ne farkon layi, a yanke ta, a wuce ta gaba. Layi-layi, kamar lodi."

"Taka fa?"

"Ciyaman shi ka yin lodin ƙarshe."

Kabu-kabu ya kai Hodi da Irimiya bakin fadama, nan hanya ta ƙare. Ruwa ja ya yanke ta, yana gudu da karmami. Can ƙetare ana hango mutane. Irimiya ya dubi ruwan, ya dubi jakar takardunsa, ya girgiza kai.

"Ban iya ruwa ba. Kuma saura minti arba'in."

Hodi ya auna shi da ido. "Ba ka kai buhun albasa ba."

Kafin sakatare ya ce uffan, ya ji shi a sama. Ruwa ya kai wa Hodi gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafarsa ta zame, Irimiya ya kira sunan Yesu, Hodi ya kira na Allah, ya cije ya tsaya. Jakar tana kan sakatare, sakatare yana kan ciyaman.

A kan kunyar gona Irimiya ya tsaya, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa. Mutane suka riƙa wucewa ta gabansa da dami a ka, kati a baki. Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas. Layi ya yanke. Sai ga kwalekwale ya ɓullo daga bayan ciyawa, mutum biyar a ciki sun danne damman shinkafa, suna ɗaga katuna.

"Sittin da uku," in ji Irimiya, ya sa hannu. Daga gari aka jiyo kiran la'asar.

Gona goma sha ɗaya suka yanke kafin magariba. Da layi ya zo kan ta Hodi, agwagin ruwa ke iyo a kanta.

Ya shigo gida jiƙe sharkaf, takardar reshe a cikin hula. Sakinatu ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Baban Mubina, ina shinkafar?"

Ya miƙa mata takardar.

"To," ta ce, "da miyar kuka za a ci ta, ko da ta kuɓewa?"